Yadda Namiji Zai Duba Ayon Ɗinsa Kafin Ya Ɗora Laifi Kan Kotisol

Gajiya, rashin barci da bugun zuciya alamomi ne da ƙarancin ayon (sinadarin ƙarfe da jiki ke haɗa jini da shi) da rikicewar kotisol (sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa a lokacin damuwa) suka yi tarayya a kansu, don haka kada ka fara shan maganin ƙarin jini sai an yi gwaji. Namiji baligi ayon miligiram 8 kawai yake buƙata a rana, kuma jikinsa ba ya zubar da fiye da kusan miligiram 1. Abin da ya yi yawa taruwa yake a hanta.

Ka nemi gwajin jini huɗu a ɗiba ɗaya: himoglobin (sinadarin da ke sa jini ja), feritin, cikar taransfarin (yadda abin da ke ɗaukar ayon a cikin jini ya cika), da CRP (mai nuna kumburi a jiki). Himoglobin ƙasa da 13 g/dL ƙarancin jini ne. Feritin, wato ma'ajiyar ayon, idan ya gaza 30 ng/mL rumbu ya kusa ƙarewa. Amma yana da yaudara: zazzaɓi, kumburi, giya ko kitsen hanta duk suna ɗaga shi, shi ya sa ake haɗa shi da CRP. Idan feritin ya haura 300, cikar taransfarin kuma ta wuce kashi 45 cikin ɗari, a binciki ciwon tara ayon na gado.

Kotisol kuwa ana ɗibarsa wajen ƙarfe 8 na safe, lokacin da yake kan ganiyarsa. Wanda aka ɗiba da yamma zai fito ƙasa ko da lafiya lau kake. Ka faɗa wa likita in kana shan prednisolone ko dexamethasone, domin suna rikita sakamakon.

Ina alaƙar ayon da kotisol take? Ƴan ƙananan gaɓoɓin da ke saman ƙoda su ke haɗa kotisol, kuma sinadaran da ke wannan aikin suna ɗauke da ayon. Idan ayon ya yi yawa yana taruwa a gaɓar fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, wadda ke ba su umarni, kodayake abin da ya fi saurin faɗuwa shi ne sinadarin mazakuta. Kumburi mai daɗewa kuma yana sa hanta ta ƙara fitar da hefsidin, wanda ke hana hanji tsotsar ayon.

Idan ƙaranci ya tabbata, tambayar farko ita ce ta ina jini ke yoyo. A wurin namiji galibi ta ciki ne: gyambon ciki, tsutsar hanji, yawan shan ibuprofen ko asfirin, wani lokaci kansar hanji. Magani ba tare da gano wannan ba zuba ruwa ne a kwando.

Ƙwayar ferrous sulfate mai miligiram 200 tana ɗauke da ayon miligiram 65. Guda ɗaya a rana, ko bayan kwana bibbiyu idan tana tayar da ciki, da ruwan lemo, sa'a biyu nesa da shayi, kofi, madara da maganin ƙwarnafi. Bayan gida zai yi duhu, wannan ba komai ba ne, sai fa in ya zama kamar kwalta mai wari, to a garzaya asibiti. A sake gwada himoglobin bayan mako huɗu, a ci gaba da sha wata uku bayan ya daidaita.