Kurakuran da ke sa kuroton zubar da ganye a ɗaki

A wajen masu sayar da fulawa na bakin titi a Garwa ta ƙasar Kamaru, shukar ado da ake kira kuroton ce ke fara ɗaukar ido, ganyensa ja da ruwan ɗorawa da kore kamar atamfar sallah. Ka kai shi gida, kafin mako biyu ganye ya soma zuba. Na farkon da na saya ni na ƙarasa shi da hannuna, don duk sanda na ga ganye a ƙasa sai na ɗauko buta.

Wannan kuskuren ya fi kowane kashe shi. Kuroton ba ya son canjin wuri, daga lambu zuwa falo kaɗai ya isa ya sa shi zubar da ganye, ba ƙishi ba ne. In aka yi ta tuttula masa ruwa, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi laƙwas, mai shi ya ɗauka ruwan ne bai isa ba ya ƙara. Ka soka yatsa cikin ƙasar kamar santimita 3. Da danshi, ƙyale shi. In ta bushe, ba shi har ruwa ya fito ta hujin gindin tukunya, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar da ba huji, komai kyanta, ba ta kuroton ba ce. Baƙar laka irin ta wajen Marwa ma riƙe ruwa take yi, sai an gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki. Kuroton da ya riga ya zama tsinke kuwa, kankare bawonsa da farce. In cikin kore ne yana da rai, a bar shi wuri ɗaya zai sake toho.

Sai masu kai shi lungun falo kusa da talabijin don ya yi ado. A can launin ke gudu ya koma kore zalla, domin haske ne ke fito masa da ja. Tagar gabas ta fi dacewa da shi. Ta yamma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Njamena ke haura digiri 40, toya ganyen take yi, sai an sa labule mai shara-shara. Amma sabon toho da ma kore ko ɗorawa yake fitowa, daga baya ya rine.

Hunturu ne babbar jarrabawa. Asalin wannan shuka daga Indonesiya da Maleshiya da tsibiran tekun Pasifik ne, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara, mu kuwa daga Disamba leɓe ma tsagewa yake. Bakin ganye ya bushe, ƙura ta lulluɓe shi, sannan wasu ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo su samu gida. Da ƙyar ido ke ganinsu. Juya bayan ganyen, za ka ga ɗige-ɗige da siririyar yana a maƙale. Mutane da yawa sai su feshe shi da maganin sauro, su ƙone abin da ya saura. Fitar da shi tsakar gida da safe ka wanke ganyen ciki da bai, ka goge da ruwan sabulu kaɗan ko man dogonyaro, ka maimaita duk mako har su ɓace. Jera shi kusa da sauran shuke-shuke ma yana rage masa bushewa. Sanyi ƙasa da digiri 15 yana wahalar da shi, don haka mutanen Ngaundere su janye shi daga jikin taga da dare a Janairu. Gaban na'urar sanyaya ɗaki ma ba wurinsa ba ne.

Taki da damina ake ba shi, kaɗan, kuma ba a ba wanda ke jinya. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi.

Kuroton dangin aguwa da rogo ne. Ruwan da ke fita in an karya reshe yana sa ƙaiƙayi, a ido kuwa raɗaɗi, tauna ganyen kuma na kawo amai da ciwon ciki. In za ka yi masa aski sa leda a hannu, ka wanke da sabulu bayan ka gama. A gidan da ke da mai rarrafe ko kyanwa, tukunyar ta hau kan teburi.