Yadda za ka tantance haja kafin ka ɗora ta a kasuwar intanet

Ƙanwata tana sayar da turaren wuta da humra daga ɗakinta a Gwammaja. Shekara uku tana ɗora hotuna a wata manhaja ba wanda ya ce mata kanzil. Ran da ta haɗa da kayan mata, ta kuma zayyana abin da suke yi wa jiki, kafin la'asar an sauke tallar. Ta mayar, aka sake saukewa. A karo na uku aka rufe shafin, saƙonnin masu sayen kayanta duk suna ciki. Ta kira ni tana cewa, "Yaya, ai ga irinsu nan jibge a Sabon Gari." Gaskiyarta, suna nan. Sai dai ganin haja a kan tebur a kasuwa ba ya nufin manhaja za ta karɓe ta, ba ya ma nufin hukuma ta yarda da ita. Ƙofa uku ce a gaban mai talla a Kano: ƙa'idar manhaja, dokar ƙasa, da tsarin jiharmu. Ga yadda ake bin su.

Da farko, tun kafin ka yi sari, raba hajar gida biyu. Akwai wadda ba takardar da za ta halatta maka tallarta: bindiga da harsashi, tabar wiwi da sauran kayan maye, kakin soja ko na ɗan sanda, kayan sata, jabun kaya, hauren giwa da fatar damisa. Akwai kuma mai sharaɗi, wadda ake sayarwa amma sai da lasisi, ko rajista, ko a wani dandali ban da wani: magani, man shafawa, abincin gwangwani, maganin ƙwari, dabbobi. Gida na farko kowa ya san shi. A na biyun ne mutanen kirki suke faɗawa rami, galibi bayan sun zuba jari.

Na biyu, buɗe ƙa'idar manhajar da za ka yi amfani da ita ka karanta, ko ka sa wani ya karanta maka, domin ba ɗaya suke ba. Ragon layya misali ne mai kyau. Jiji tana da sashen dabbobi, za ka ga raguna da kaji a can. Kasuwar Facebook kuwa ba ta karɓar tallar dabba mai rai, haka nan barasa da taba da magani da ƙwayoyin ƙarin lafiya da ake sha. Kundin kaya na WhatsApp Business shi ma ana duba abin da aka saka a ciki, tunda kamfani ɗaya ne da Facebook da Instagram, wato Meta. A Jumia da Konga sai ka yi rajistar mai sayarwa, kuma za a iya neman takardun wasu kayan kafin a buɗe maka sashensu. Ana sauya waɗannan ƙa'idoji lokaci zuwa lokaci, saboda haka karatun bara ba ya isar bana.

Na uku, kuma nan ne ya kamata ka fi daɗewa: duk abin da ake ci, ake sha, ko ake shafawa a jiki, yana ƙarƙashin NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993. Juya kwalin ka nemi lambar rajista da ranar da zai lalace. Idan magani ne, kada ka tsaya ga ganin lambar da ido, masu jabu ma suna bugawa. Duba ta a manhajar hukumar mai suna Greenbook ka ga ko sunan da ya fito ya dace da na kwalin. Ko lambar ta yi daidai, sayar da maganin bature aikin mai lasisin hukumar kula da harhaɗa magunguna ne, PCN, wadda ta fitar da ƙa'ida ta musamman kan sayar da magani ta intanet. Mun dai ga yadda aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar kasuwarsu ta Dangwauro a kan titin Zariya a 2024. Idan mai shago da allon suna bai tsira ba, mai talla daga waya ba shi da hujjar cewa ba a faɗa masa ba.

Wasu kayan a wannan layin ko kusa da su kada ka je. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Tiramadol kuwa mai ƙarfin miligiram 50 da 100 aka amince da shi, shi ma da takardar likita. Mai 200 da 225 shi ne wanda NDLEA take kamawa, kuma wanda ya yi talla da wanda ya kai saƙon tasha duk amsa tambaya za su yi. Ƙananan kwalaben Sniper an hana sayar da su a kasuwanni tun 2019, balle fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalbar da ba ta da suna. Man bilicin da aka haɗa a roba a bayan ɗaki, ba lamba ba jerin sinadarai, shi ma haka. Ni a ganina wannan ne kasuwancin da ya fi cutar da mata a shafukan Kano, don mai sayarwar ma sau da yawa ba ta san abin da aka zuba a ciki ba.

Maganin gargajiya da kayan mata suna da hanya, ba a rufe musu ƙofa ba. NAFDAC tana yi wa haɗin gargajiya rajista bayan gwaji, kuma tallar kayan da take kula da su ma sai da amincewarta. To amma rajistar ba ta tilasta wa manhaja ta karɓa. Inda aka ce ba a tallar abin sha don lafiya, ko lamba goma gare ka za a sauke.

Na huɗu, kayan da ba a ɗauke su laifi ba saboda sabo. Sabbin takardun naira na liƙi a biki: dokar Babban Banki ta 2007 ta hana cinikin takardar naira, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Layin waya da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta hana, kuma tun da aka haɗa layi da lambar NIN duk ɓarnar da aka yi da shi kan mai sunan take komawa. Aku mai jan wutsiya da ake kai wa masu kuɗi tana cikin tsuntsayen da yarjejeniyar kare namun daji ta duniya, CITES, ta hana cinikinsu tsakanin ƙasashe tun 2017. Gwanjo ma, da muke ɗauka dila-dila a Ƙofar Wambai, yana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su, ko da yake kowa ya san yadda kasuwar take tafiya.

Na biyar, tuna garin da kake. Hisbah, wadda aka kafa da doka a 2003, tana kama barasa a jihar nan, ba ruwanta da cewa wata manhaja ta yarda da tallarta a Legas. Hoton tallar kayan barci ko na ciki ma a lura da shi. A shimfiɗa kayan a kan gado a ɗauka, ya wadatar.

Na shida, ajiye shaida. Mai saro waya ta hannu a Farm Centre ko titin Beirut ya karɓi rasit, ya danna *#06# ya rubuta lambar shaidar wayar da ta fito, wato IMEI, a jikin rasit ɗin, da sunan wanda ya sayar masa da lambarsa. Ranar da 'yan sanda suka biyo sawun waya, wannan 'yar takardar ce za ta raba ka da kwana a caji ofis. Mai shadda da atamfa a Kantin Kwari kuma ya kira kaya da sunansu. Kwaikwayon Getzner ba Getzner ba ne, kuma sa tambarin wani kamfani a kan abin da bai ƙera ba yana cikin abin da ake rufe shafi a kai.

Na bakwai, rubutun tallar kansa. Faɗi abin da kayan yake, nauyinsa, farashinsa, inda ake karɓa. Bar alƙawarin warkar da ciwon suga ko rashin haihuwa, bar hoton "da" da "yanzu". Kada kuma ka yi dabarar karkata suna, ka raba haruffa da ɗigo don na'ura ta kasa ganewa. Abokin hamayyarka yana karanta Hausa, kuma maɓallin kai ƙara yana gabansa.

Idan duk da haka aka sauke maka talla, kada ka mayar da ita kamar yadda ƙanwata ta yi, maimaitawar ce take jawo rufe shafi. Karanta dalilin da aka turo, ka ɗauki hotonsa. In kana ganin kuskure ne, wanda yakan faru, don na'ura takan ɗauki wuƙar kicin a matsayin makami, nemi a sake dubawa ta wurin da aka tanada, ka haɗa da hoton kwali da lambar rajista da rasit. In kuwa dalilin gaskiya ne, cire hajar daga sauran shafukanka a ranar. Lambobin masu sayen kayanka kuma ka riƙa kwafe su a littafi tun yau. Ƙanwata ta buɗe sabon shafi da turare da humra kaɗai, amma wata biyu ta yi tana bin gidajen biki tana tattara lambobin da suka tafi da tsohon.