Kurakuran masu inganta irin gyaɗa da alamar DNA (gwajin da ke nuna abin da tsiro ya gada)

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a yi barbara, a ɗauka ta kama, a wuce. Gyaɗa kanta take yi wa barbara tun furen bai buɗe ba. Shi ya sa ake cire sassan namiji da hantsaki da yamma, a ɗaura zare, a sa ƙurar furen uba washegari da sassafe. Ko ƙwararre yakan bar ɗaya a ciki, furen ya yi wa kansa barbara. Sai ka yi shekara biyu kana renon uwar da ka fara da ita, kana kiranta F1, wato 'ya'yan farko na barbarar. Haba! Ka ciri ɗan ganye sabo daga kowace F1, ka gwada kafin ta yi fure. Wadda ba ta nuna alamar uba ba, tuge ta.

Na biyu ya shafi iri mai yawan oleyik, wani sinadari na cikin man gyaɗa, wanda mansa yake daɗewa bai yi wari ba. Gyaɗar gida tana da kuromosom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) 40 daga kakanni biyu na daji, don haka ƙwayar gadon da ke mai da oleyik linoleyik (wani sinadarin man, mai saurin wari) kwafi biyu ce: FAD2A da FAD2B. Sai duka biyun sun lalace oleyik zai kai kusan kashi 80 cikin ɗari. Wanda ya gwada ɗaya ya yi murna, aikin banza ya yi. Kwafin nan biyu kama suke kamar an tsaga kara, faraimar (guntun DNA da ake gwajin da shi) da ba ta bambance su za ta yi maka ƙarya. Kuma ka fara gwada iyayen, don wasu irin suna ɗauke da canjin FAD2A tun asali.

A F2, wato 'ya'yan F1, tsiro ɗaya cikin 16 ne ke haɗa canjin biyun, in uwar ba ta ɗauke da ko ɗaya. Mai shuka 20 caca yake yi. Sai ka kai 47 kafin damarka ta samun ko ɗaya ta kai kashi 95 cikin ɗari. Ni dai ɗari nake shukawa.

Tsohon ganye DNA mai datti yake bayarwa. Rubuta lambar tsiro da fensir, tawada rana na cinye ta.

Sake barbara da uwa sau ɗaya kashi 75 kawai na gadonta yake dawo da shi, sau uku kusan 94. In uwar irin SAMNUT ce, gyaɗar cibiyar binciken noma ta Samaru, ka sake jarraba juriyar cutar rozet, mai tsumburar da gyaɗa, a gona, ka kuma auna man a na'ura kafin ka kai wa manomi.