Yadda ake neman lasisin gidan abinci a ƙaramar hukuma

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kula da shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, saboda haka mai son buɗe rumfar tuwo ko teburin shayi a ƙauyen Kano ko Jigawa, sakatariyar ƙaramar hukumarsa zai nufa, ba sai ya je birnin Kano ko Dutse ba.

Kafin ya je, ya kamata ya gyara wurin, domin duba-gari ne zai zo ya gani da idonsa. Zai duba daga ina ruwa yake zuwa, ko randar tana da murfi, ina ake zubar da ruwan wanke-wanke, kuma ko masai ko kwata ta kusanci murhu. A ganina batun ruwa ya fi komai muhimmanci, musamman da damina, lokacin da amai da gudawa yakan ɓarke. Akan buƙaci masu girki su yi gwajin lafiya a asibiti su kawo takarda.

Idan wurin ya yi, sai a biya kuɗi a sashen haraji a karɓi rasit mai hatimi, kada a miƙa wa kowa kuɗi a bakin hanya. Galibi shekara-shekara ake sabunta lasisin, kuma ya fi kyau a liƙa shi inda kowa zai gani.

Wanda zai ɗura zoɓo a roba, ya sa masa suna yana kai wa kasuwanni, shi kuma sai ya ƙara da rajistar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta ƙasa.