Yadda Ake Haɗa Kratong a Tailan

Daren da wata ya cika a watan 12 na kalandar Tailan, galibi cikin Nuwamba, ake bikin Loi Kratong, inda mutane ke sakin ƴan kwanduna, waɗanda ake kira kratong, a ruwa don gode wa kogi.

1. Yanko kututturen ayaba, faɗinsa kamar faifai ƙarami. Ka guji soso na roba, don yana ƙazantar da kogi.
2. Goge ganyen ayaba, ka yayyanka shi, ka nannaɗe kowane yanki ya yi tsini kamar furen bado. Nan aikin yake, sai da haƙuri.
3. Kafe su kewaye da kututturen da ƴan tsinke.
4. Jera furanni, ka soka kyandir ɗaya da turaren tsinke uku a tsakiya.
5. Kunna su, ka durƙusa bakin ruwa, ka tura kratong ɗin a hankali.