Yadda za ka gane halin babbar lamba, misali 2,147,483,647

Duk mai taɓa furogiramin ya san lambar nan, ita ce mafi girma da kwamfuta ke iya riƙewa a ma'ajin bit 32 (gurbi 32 na 0 ko 1) mai alama, wato mai ɗaukar lambobin ƙasa da sifili ma. Ana samun ta in ka ninka 2 da kanta sau 31 ka cire 1. Da ita za mu gwada mu ga ko akwai lambar da ke raba ta ba saura, amma kowace lamba haka za ka bi da ita.

Fara da wutsiya. Ta ƙare da 7, to mara ce ba cika ba, 2 da 5 ba su raba ta, kuma babu lambar da za a ninka da kanta ta ƙare da 7. Sai ka tara lambobin cikinta ɗaya bayan ɗaya, za su ba ka 46, 3 ba ta raba 46, don haka 3 da 9 sun fita.

Dabarar da na fi so wallahi ita ce ta 1001, saboda 7 sau 11 sau 13 shi ne 1001 daidai. Yanka lambar uku-uku daga dama: 647, 483, 147, 2, sai ka riƙa cirewa kana ƙarawa, 647 cire 483 ƙara 147 cire 2, ka samu 309. Yanzu 309 kawai za ka raba, da 7 saura 1, da 11 saura 1, da 13 saura 10, kuma saurar nan ita ce dai wadda babbar lambar za ta bari, don haka 7, 11 da 13 ma sun fita, gwada a kalkuletar wayarka ka gani da idonka.

Abin da ake nema shi ne ko firam ce, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Ba sai ka gwada har biliyan biyu ba, tsaya a 46,340, don 46,341 sau 46,341 ya riga ya haura lambar, in akwai mai raba ta dole ɗaya ya kasance ƙasa da nan.

Duk da haka aikin da yawa da hannu. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Siwizalan, shi ya tabbatar firam ce a 1772, lokacin ma idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ya nuna duk firam ɗin da zai raba ta dole in ka raba shi da 248 ya bar saura 1 ko 63, nan take mafi yawan waɗanda za a gwada suka zube.

Irin waɗannan lambobi da ake samu in an ninka 2 da kanta an cire 1 ana ce musu lambobin Mersenne, amma kar ka ɗauka duka firam ne, ninka 2 da kanta sau 11 ka cire 1 za ka samu 2047, ka duba wutsiya ka tara ka yi dabarar 1001 duk ta tsallake, amma ci gaba da rabawa kaɗan, 23 sau 89 ce.