Darasi na Tara: Tattalin Gida da Sauke Rancen Gida Kafin Wa'adi

Wanda ya taɓa zaman haya a Kaduna, ko a Tudun Wada ne ko Badarawa ko Kakuri, ya san yadda gaba ke faɗuwa idan shekara ta zagayo, mai gida ya aiko da saƙon ƙari. Shi ya sa ma'aikaci idan ya samu rancen gida yake jin an sauke masa kaya daga ka. An sauke ɗin kuwa, amma an aza masa wani: shekara ashirin, wani ma talatin, ana yankar albashinsa kowane wata. A wannan darasi za mu ga yadda ake rage waɗannan shekaru da 'yan kuɗin da ke zurarewa a cikin gida ba a ankara ba. Kowa ya ɗauko littafi da fensir. Akwai lissafi a gaba, amma bai fi lissafin cefane wuya ba.

Daga ina rancen yake fitowa?

Ma'aikata da yawa sun saba ganin haruffa uku a takardar albashi: NHF. Asusun Gidaje na Ƙasa ke nan, wanda doka ta kafa a 1992. Ana cire naira biyu da rabi daga kowace naira ɗari ta albashi, wato kashi 2.5 cikin 100, kuɗin kuma suna hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN. Wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi yana iya neman rance daga asusun. Kuɗin ruwansa kashi 6 cikin 100 ne a shekara, wa'adin biya kuma yana iya kaiwa shekara 30, gwargwadon shekarun mutum da abin da ya rage masa a aiki. A bankunan kasuwa ruwan ya ninka wannan sau uku ko fiye.

Na san da yawa a cikinmu ba sa kusantar duk abin da ke da ruwa, saboda addini. Akwai bankuna marasa ruwa. Ɗaya daga cikinsu, bankin Jaiz, ya fara aiki a 2012, Kaduna na cikin garuruwa uku da ya fara buɗe reshe. Hukuncin ruwa na malamai ne, ku tambaye su. Namu a nan lissafi ne, wanda ya riga ya shiga kuma, fitarsa da wuri tana rage ruwan da zai biya.

Uwar kuɗi da ruwanta

A nan za mu daɗe, domin wanda ya gane wannan ya gane darasin duka.

Uwar kuɗi ita ce abin da aka ba ka. Kuɗin ruwa shi ne abin da ake ɗorawa a kanta. A irin wannan rance, kowane wata banki yana duba abin da ya rage a uwar kuɗi, a kansa yake lissafa ruwan watan.

Mu ɗauki misali. Wani malamin firamare a Rigasa ya karɓi naira 5,000,000, ruwa kashi 6, wa'adi shekara 20. Biyan wata zai kama kusan naira 35,820. A watan farko, naira 25,000 daga cikinsu ruwa ne. Abin da ya taɓa uwar kuɗi bai wuce 10,820 ba. Ku rubuta lambobin biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ku dube su da kyau. A shekarun farko mutum ruwa yake ta kwasa, rijiyar ba ta ja baya sosai. Idan ya bi wa'adin har ƙarshe, zai biya kusan naira 8,600,000. Ruwan kaɗai ya kusa 3,600,000.

Yanzu a ce malamin nan yana ƙara naira 10,000 kowane wata tun daga farko, kuma ƙarin yana sauka a kan uwar kuɗi kai tsaye. Babu ko kwabo na ruwa a cikin wannan ƙari. Uwa ta ragu, ruwan wata mai zuwa ya ragu, na bayansa ma ya ragu, haka har ƙarshe. Zai gama biya a shekara 13 da 'yan watanni. Kusan shekara bakwai sun fita daga wuyansa, kuma ruwan da ya tsira da shi ya kai wajen naira 1,350,000. Idan 10,000 ta yi nauyi, ko 5,000 yake ƙarawa zai gama kafin shekara 16 ta cika, ya tsira da sama da 800,000.

Ƙarin da aka yi a shekarar farko ya fi na shekara ta goma sha biyar amfani nesa ba kusa ba, saboda shekarun da yake hana ruwa taruwa sun fi yawa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ina za a samo dubu goman?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu gidan ma'aikacin da zai ce yana da rara. Don haka ba rara muke nema ba, yoyo muke nema.

Malamin namu da matarsa sun rataya ƙaramin littafi da fensir a ƙusa, jikin ƙofar kicin. Wata ɗaya cur, duk abin da ya fita sai an rubuta, ko ashana ce. Wanda hannunsa bai faɗa ba a rubutu yana iya zana alama ya sa lamba a gefe, ko ya kira yaro ɗan makaranta. Ranar ƙarshen wata, bayan sallar isha'i, suka baje littafin a kan tabarma.

"Malam, wannan layin da ke ta maimaituwa, ɗari biyar, ɗari biyar, mene ne?"

"Data ce."

"Sau goma sha takwas? Allah ya ba ka haƙuri, dubu tara ke nan fa."

Ya yi shiru, ya ja littafin gabansa, ya juya shafi.

"To, Uwargida, ke ma ga naki. Omo ƙulli ɗaya yau, ƙulli ɗaya jibi. Sukari haka, magi haka, manja a murfin kwalba. Shagon bakin layi muke yi wa aiki ashe."

Suka yi dariya, amma gaskiya suka faɗa wa juna. Sayen ƙulli-ƙulli ya fi kowane saye tsada, sai dai ba ya zafi a lokacin. Suka koma sayen kayan wata a dunƙule ranar da albashi ya shigo, tare da wata maƙwabciya: a sayi katan ko jarka a Kasuwar Gumi, a raba biyu. Kayan miya kuwa ranar Talata a Kasuwar Kawo, in tumatur da tattasai sun yi arha a yanka a shanya. Wannan ya tsirar musu da 3,500. Malam ya koma datar wata, ya daina barin bidiyo yana tafiya yana barci: 3,000. Tsiren dare da shayin bakin titi ya koma na ranar Juma'a kawai: 2,000. Aka canza ƙwayayen fitila zuwa masu cin wuta kaɗan, guga ta koma rana ɗaya a mako, aka daina barin fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, sai katin mita ya ƙara kwana: 1,500. Ku haɗa da kanku.

Hatsi babi ne mai zaman kansa. A yawancin shekaru masara da wake sun fi sauƙi da kaka, su hau idan damina ta kankama. Mai hali ya sayi buhu da kaka, daga masu kawowa daga Saminaka ko Giwa, ya zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki ya ɗaure tam, ƙwari ba sa rayuwa a ciki, ba sai an sa magani ba.

Sai anko. Ba na cewa a yanke zumunci, Allah ya kiyaye. Amma biki huɗu a wata, atamfa huɗu, ɗinki huɗu, ga gudunmawa, wannan ya fi ƙarfin albashin malamin firamare. Na ɗan uwa na jini a yi. Na ƙawar ƙawa a je da wanda ke cikin akwati, a yi Allah sanya alheri.

Abu ɗaya malamin namu da matarsa suka tsare: ranar da albashi ya shigo ake tura ƙarin, ba a jiran a ga abin da zai rage a ƙarshen wata. Ba ya raguwa. Idan kwasar adashi ta zo kan Uwargida, ko aka biya Malam ariyas, su kan tura rabi.

Inda tattali ba ya zuwa

Ba a rage abincin yara, ba a jinkirta kai mara lafiya asibiti, ba a taɓa kuɗin makaranta don a burge banki. Kuma kafin a fara ƙari, a tara abin da zai riƙe gida na wata biyu ko uku, a ajiye shi inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Kuɗin da ka tura wa banki ba ya dawowa ranar da rufin ɗaki ya yaye ko albashi ya makara.

Wanda ake bin sa bashin manhajar waya ko na mai ba da rance da ruwa duk wata, wannan zai fara kashewa. Ruwan irin waɗannan a wata ɗaya yana iya fin na rancen gida a shekara.

Akwai kuma wata magana da ya kamata in faɗa don kada in rufe ku. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, rancen NHF kuma yana nan a kashi 6. Matar da ke da sana'a mai juyawa, ɗinki ko sayar da ƙanƙara ko kiwon kaji, wataƙila dubu goman ta fi haihuwa a jarinta. Amma a ganina, a gidaje da yawa ba jari take shiga ba, baki take shiga. Ga irin wannan gida, banki ya fi.

Ranar zuwa banki

Ni kaina na sha kunu da zafinsa a nan. Wata biyar ina tura ƙari zuwa wani banki, ina ta jin daɗi. Da na nemi takardar bayanin bashin, sai na ga uwar kuɗi tana tafiya yadda ta saba. Ashe ƙarin nawa ajiye shi suke yi a matsayin biyan watanni masu zuwa. Kuɗina ba su ɓata ba, amma ba su rage mini ruwa ba. Sai da na rubuta wasiƙa, na yi sahu uku, kafin aka gyara.

Saboda haka ka je da kanka, ka nemi jami'in da ke kula da rancenka. Ka tambaye shi ko an yarda a biya ƙari, ko akwai tara ga mai biya kafin wa'adi, kuma ta wace hanya ƙarin zai sauka a kan uwar kuɗi. Ka roƙi amsar a rubuce, da sa hannu da hatimi. A banki mara ruwa tambayar ta ɗan bambanta: idan sayar maka da gidan suka yi a kan farashi tsayayye, ka ji ko akwai rangwame ga wanda ya gama da wuri, idan kuma tarayya kuka yi kana sayen kasonsu a hankali, ka ji yadda haya ke raguwa. Kowane rasit a sa shi a leda ɗaya da takardun gida. Duk wata shida a karɓi sabuwar takardar bayani a gwada da ta baya. Ranar da aka gama biya, kada a bar banki da takardar mallakar gida: a karɓo ta, tare da wasiƙar da ke cewa ba sa bin ka komai.

Aikin gida

A ja layi uku a shafi: rana, abin da aka saya, nawa. A cike shi na kwana bakwai, kada a tsallake ko naira hamsin. A sa da'ira a kan duk abin da ya fito fiye da sau uku.

Sannan a lissafa wannan: mai ƙara naira 7,500 kowane wata, nawa ya ƙara a shekara ɗaya? Nawa a shekara biyar?

Wanda yake da rance ya zo da takardar bayaninsa mako mai zuwa, ya rufe sunansa da lambar asusunsa da 'yar takarda, mu nemo uwar kuɗi da ruwa a ciki tare.